Filin Tambaya da Amsa: Sa-in-sar Masu Sharhi da 'Yan Kallo a Kan Fina-finan Marvel da DC

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke: musun da ba ya ƙarewa tsakanin magoya bayan fina-finan zaratan jarumai na kamfanonin Marvel da DC, irin su Batman, Spider-Man da Black Panther, da kuma masu sharhin fim na jaridu. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun gajarta wasu.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Assalamu alaikum. Na ga an ba fim ɗin Venom na 2018 kashi 30 cikin ɗari a Rotten Tomatoes, alhali a majalisarmu babu wanda bai ji daɗinsa ba. Anya masu sharhin nan suna kallon fim ɗin da muke kallo kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fim ɗaya kuke kallo, lambar ce ba ta nufin abin da mafi yawan mutane suke zato. Kashi 30 ɗin nan ba makin jarrabawa ba ne, wato ba cewa aka yi fim ɗin ya ci 30 bisa 100 ba. Rotten Tomatoes, wanda aka kafa a 1998, tattara sharhin da aka buga a jaridu da mujallu da shafukan da ya amince da su yake yi, sai ya jefa kowane sharhi cikin ɗaya daga kwanduna biyu: na yabo ko na kushe. Babu kwando na uku. Lambar da kake gani ita ce yawan waɗanda suka faɗa kwandon yabo. Idan ta kai 60 sai a liƙa wa fim ɗin jan tumatir, idan ta gaza sai a liƙa masa ruɓaɓɓe.

Ga misali na lissafi don ka ga inda gizo ke saƙar. A ce masu sharhi 100 sun kalli wani fim, kowannensu ya ce ba laifi, ya ba shi 6 bisa 10. Wannan fim zai tashi da kashi 100, ko da babu mutum ɗaya da ya burge. A ce kuma wani fim, mutum 55 sun ba shi 10 bisa 10, sauran 45 sun ba shi 3. Matsakaicin makinsa 6.85 ne, ya fi na farkon, amma zai tashi da kashi 55 a kira shi ruɓaɓɓe. Saboda haka wannan ma'auni ya fi son fim mai lallaɓa kowa, wanda ba ya ɓata wa kowa rai, kuma yana hukunta fim mai raba kan jama'a. Yawancin fina-finan Marvel irin mai lallaɓa kowan nan ne: labari a miƙe, barkwanci a kan kari, faɗa a ƙarshe. Shi ya sa Spider-Man: No Way Home yake da kashi 93 a can, amma a Metacritic, inda ake haɗa ainihin makin a fitar da matsakaici, 71 yake da shi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da suke aunawa ne ya bambanta.

Sai kuma bambancin mutanen. Mai sharhi aikinsa ne, yakan kalli fim ɗari biyu ko fiye a shekara, ko yana so ko ba ya so. Idan ya ga bos ɗin da yake da ƙarfi iri ɗaya da na akta, sun kaure da faɗa cikin duhu a minti ashirin na ƙarshe, wannan shi ne karo na talatin da ya gani, ya ƙosa. Kai kuwa da kanka ka zaɓi Venom, domin dama kana sonsa. Wanda ba ya son irin waɗannan fina-finai bai je ba balle ya ba da maki. Don haka makin 'yan kallo, wanda ya kai wajen kashi 80 a Venom, ra'ayin waɗanda suka riga suka karkata ne. Masu sharhi sun kushe rubutun labarin da raunin bos ɗin, kuma da gaskiyarsu. 'Yan kallo sun yaba wa Tom Hardy da cacar bakin da yake yi da dodon da ke jikinsa, su ma da gaskiyarsu. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 850 a duniya.

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: To in haka ne, wace lamba ce take nuna ainihin ra'ayin jama'a? Don kowa a intanet lambar da ta dace da son ransa yake ɗaukowa.

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fili. Masu harkar a Amurka ba makin intanet suke fara dubawa ba. Abu uku suke kallo, kuma duk ukun ana samunsu a fili.

Na farko CinemaScore. Kamfani ne da ke Las Vegas, yana wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1970. Daren da fim ya fara fita, ma'aikatansa sukan tsaya a ƙofar wasu gidajen sinima a birane daban-daban na Amurka, su miƙa wa masu shiga kati, idan an tashi su karɓa da maki daga A+ zuwa F. Amfaninsa shi ne duk wanda ya ba da maki ya sayi tikiti kuma ya zauna ya kalla. Amma karanta shi sai da wayo, domin masu zuwa daren farko su ne 'yan ga-ni-kashe-ni. A irin waɗannan fina-finai, A+ da A ne alamar nasara, A- ba laifi, B+ an fara gunaguni, B kuwa matsala ce babba, ko da a makaranta B abin murna ne. Black Panther da Avengers: Endgame sun samu A+. Batman v Superman ya samu B. Eternals da The Marvels su ma B. Morbius C+. Joker na biyu, wato Joker: Folie à Deux na 2024, ya samu D, abin da ba kasafai ake gani ba a fim mai tsada irin wannan.

Na biyu shi ne faɗuwar ciniki a ƙarshen mako na biyu. Talla da ɗoki ne suke cika sinima a makon farko. A mako na biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne yake aiki: ko su ce wa abokansu "je ka gani", ko su ce "kar ka ɓata kuɗinka". Faɗuwar kashi 50 zuwa 60 al'ada ce ga waɗannan fina-finai. Idan ta doshi 70, labari mara daɗi ya bazu. Batman v Superman ya buɗe da dala miliyan 166 a Amurka a watan Maris na 2016, mako na biyu ya faɗi da kashi 69. The Marvels ya faɗi da 78, Joker na biyu da 81.

Na uku, ki ɗauki jimillar abin da fim ya samu a Amurka ki raba da abin da ya samu a ƙarshen makon farko. Batman v Superman ya ƙare da kimanin miliyan 330, wato ninki biyu kacal. Wonder Woman na 2017 ya buɗe da miliyan 103 ya ƙare da 412, ninki huɗu. Black Panther ya buɗe da 202 ya ƙare da 700, kusan ninki uku da rabi. Ninki biyu na nufin magoya baya sun zo sun tafi, sauran jama'a ba su biyo su ba.

Idan kika jera waɗannan, za ki ga wani abu da masu musu ba sa son ji: sau da yawa masu sharhi da jama'a ba su yi nisa da juna ba. A Batman v Superman, masu sharhi sun ba da ƙasa da kashi 30, makin 'yan kallo a intanet ya haura 60, aka yi ta cewa jama'a sun ƙaryata masu sharhi. Amma katin ƙofar sinima da cinikin mako na biyu duk sun fi kusa da maganar masu sharhin. Saɓani na gaske akwai shi, Venom misali ne, sai dai bai kai yawan da hayaniyar take nunawa ba.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Mu 'yan DC mun san Disney, mai Marvel, ce take sayen masu sharhi don su yabi Marvel su kushe namu. Ku faɗi gaskiya, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan zargi ya daɗe. A 2016, da aka ba Suicide Squad kashi 26, har takardar koke wasu suka buɗe a intanet suna neman a rufe Rotten Tomatoes. Abin dariyar shi ne Warner Bros., mai fina-finan DC, shi ne ya mallaki shafin daga 2011 zuwa farkon 2016, kuma bayan ya sayar wa Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima, ya riƙe wani kaso a cikin Fandango ɗin. Ke nan a lokacin da ake ihun, mai DC ne yake da hannun jari a gidan, ba Disney ba. Sannan shafin ba ya rubuta sharhin da yake ƙirgawa, tarawa kawai yake yi. Kuma da Disney tana da wannan iko, da Eternals na 2021 bai tashi da kashi 47 ba, da Ant-Man and the Wasp: Quantumania bai bi sahunsa ba. A ɗaya ɓangaren, The Dark Knight, Wonder Woman da The Batman duk na DC ne, kuma masu sharhi sun yabe su sosai.

Amma ba za mu ce maka kamfanoni ba sa murɗa lambar ba. Suna yi, ta hanyoyin da ba sai an miƙa ambulan ba. Su ne suke zaɓen waɗanda za su fara ganin fim, kuma sukan fara da shafukan magoya baya waɗanda da wuya su kushe. Su ne suke sa ranar da aka yarda a buga sharhi. Shi ya sa za ka ga fim ya fito da kashi 90 a ranar farko daga sharhi 40, bayan mako guda da sharhi 300 suka shigo ya sauko 70, alhali an riga an buga 90 ɗin a talla. Akwai kuma tsoron rasa gayyata, wanda yake sa ƙaramin mai sharhi ya sassauta harshe. A 2023 mujallar Vulture ta buga wani bincike da ya zargi wani kamfanin tallata fina-finai da biyan ƙananan masu sharhi, sai dai a kan ƙananan fina-finai ne, inda sharhi biyar ko shida suke iya juya lamba. Fim mai sharhi 400 ba ya sayuwa haka. Dabara mai sauƙi: duba yawan sharhin kafin ka yarda da lambar, kuma idan kamfani ya hana buga sharhi sai ana gobe fim zai fita, yawanci shi kansa bai yarda da hajarsa ba.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kano: Me ya faru da Captain Marvel? Masu sharhi sun ba shi kusan 80, 'yan kallo ƙasa da 50, amma ya tara sama da dala biliyan ɗaya.

Amsa: Ruwan ƙuri'un gayya aka yi masa. Kafin fim ɗin ya fita a Maris 2019, wasu da suka fusata da kalaman Brie Larson, jarumar fim ɗin, a kan ƙarancin mata da waɗanda ba farar fata ba a cikin masu sharhin fim, suka yi gangami suna zuba masa mummunan ra'ayi tun ba su gan shi ba. A lokacin duk mai adireshin imel yana iya ba da maki. Wannan ya sa Rotten Tomatoes ya rufe damar yin tsokaci kafin fitar fim, sannan a watan Mayu na shekarar ya fito da makin da aka tantance, wanda sai an tabbatar mutum ya sayi tikiti. A ƙofar sinima kuwa A fim ɗin ya samu.

Gane irin wannan ba wuya. Ki buɗe shafin fim ɗin a IMDb, wani dandalin bayanan fina-finai da jama'a ke ba da maki, ki duba yadda makin ya rarrabu daga 1 zuwa 10. Ra'ayin jama'a na gaskiya yakan yi tudu a tsakiya, wajen 6, 7 ko 8, ya gangara gefe da gefe. Idan kika ga dogon ginshiƙi a 1, wani dogo a 10, tsakiya kuma wayam, to rigima ake yi ba sharhi ba. Kuma abin yana tafiya ta fuska biyu, masu zuba 10 don kare gwaninsu su ma ɓata lissafin suke yi. Ba sabon hali ba ne: a 2012 sai da Rotten Tomatoes ya dakatar da tsokaci a kan The Dark Knight Rises saboda barazanar da aka riƙa yi wa masu sharhin da suka fara kushe shi, daga mutanen da su ma ba su kalla ba tukuna.

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: Fitowar Justice League na Zack Snyder ba ta tabbatar da cewa magoya baya sun fi masu sharhi da kamfani sanin fim ba?

Amsa: Ta tabbatar da rabi, Malam. Snyder, daraktan fim ɗin, ya bar aikin a watan Mayu na 2017 bayan rasuwar 'yarsa, wani darakta, Joss Whedon, ya ƙarasa, ya sake ɗaukar wurare da dama, aka matse fim ɗin zuwa awa biyu. Abin da ya fito a Nuwamba kamar riga ce da teloli biyu suka ɗinka ba su ga juna ba. Har gashin bakin Henry Cavill, mai fitowa a matsayin Superman, sai da aka goge da kwamfuta, domin yana tsakiyar wani fim da bai yarda ya aske ba, leɓensa ya fito wani iri. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 658, masu sharhi suka ba shi wajen kashi 40.

Magoya baya suka shekara uku suna matsa lamba, har aka saki na Snyder a HBO Max, dandalin kallon fim ta intanet, ranar 18 ga Maris 2021, mai tsawon awa huɗu da minti biyu, bayan an ƙara kashe kimanin dala miliyan 70. Ya fi na farko, babu musu: labarin jarumi Cyborg ya dawo cikakke, bos ɗin, Steppenwolf, ya samu dalilin abin da yake yi, ubangidansa Darkseid ya bayyana. Amma lura da wannan, masu sharhi ma sun yarda ya fi, sun ba shi sama da kashi 70. Ke nan wanda aka kunyata shi ne kamfanin da ya yanka fim ɗin, ba masu sharhi ba. Kuma fim ɗin awa huɗu da an kai shi sinima a 2017, sau biyu ko uku kawai za a iya haska shi a rana a ɗaki guda.

Sai a yi hattara da ɗaukar amon intanet a matsayin yawan jama'a. Mujallar Rolling Stone ta ruwaito a 2022 cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya nuna aƙalla kashi 13 na asusun da ke wannan gangami na bogi ne. Sony ma ta ɗanɗana a shekarar: ta ga fim ɗinta Morbius yana tashe a intanet, ba ta gane ba'a ake yi masa ba, ta mayar da shi gidajen sinima kimanin dubu a watan Yuni, bai haɗa ko dala rabin miliyan ba a ƙarshen makon.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Yaya fim kamar Batman v Superman zai tara dala miliyan 870 a ce wai bai yi abin kirki ba?

Amsa: Domin kuɗin ba na kamfani ba ne duka. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabi, a ƙasar Sin ma kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai yake komowa. Kuɗin talla kuma ba ya cikin kasafin da ake sanarwa, kuma ga babban fim yakan haura dala miliyan 100. Lissafin da aka saba shi ne fim ya tara ninki biyu da rabi na kasafinsa kafin a fara maganar riba. Batman v Superman ya ci kimanin miliyan 250, don haka ya tsallake, amma fim ɗin da ya haɗa Batman da Superman da Wonder Woman biliyan aka sa masa rai. Joker na 2019, wanda kasafinsa bai wuce miliyan 70 ba, ya haura biliyan ɗaya.

Tambaya daga wata uwargida a Sakkwato: Na ji an ce wani babban darakta ya ce waɗannan ba fina-finai ba ne. Sannan mu da muke kallo a waya, wani lokaci ma fassarar Hausa, ra'ayinmu yana shiga wannan lissafi kuwa?

Amsa: Hajiya, Martin Scorsese ne, a hirarsa da mujallar Empire a Oktoba 2019, inda ya kamanta fina-finan Marvel da wuraren wasan lilo. Daga baya ya yi bayani a jaridar New York Times cewa damuwarsa biyu ce: babu kasada a cikinsu domin an gwada komai an tace kafin a fitar, kuma sun mamaye gidajen sinima har ƙananan fina-finai sun rasa wuri. Magana ta biyu tana da ƙarfi. Ta farko kuwa an yi mata kuɗin goro. Heath Ledger da Joaquin Phoenix duk sun ci Oscar da rawar Joker, Joker ya ɗauki babbar kyautar bikin Venice a Italiya a 2019, Black Panther kuma ya shiga takarar gwarzon fim na shekara ya tafi da Oscar uku, ciki har da na sutura, wadda Ruth Carter ta ɗebo daga al'adun Afirka har da na Buzaye.

Game da ra'ayinku, gaskiya kaɗan ne yake shiga. CinemaScore a Arewacin Amurka yake aikinsa, makin da aka tantance kuma yana bin tikitin da aka saya a can. IMDb ne kowa yake iya shiga daga ko'ina. Don haka idan an ce "'yan kallo sun ce", galibi Amurkawan makon farko ake nufi. Akwai abin da za su wuce ba su kula ba ke ki tsaya a kansa, kamar farkon Black Panther inda aka rubuta dajin Sambisa a fuskar allo, aka nuna 'yan bindiga sun kwaso mata a motoci.

Ita kuma fassara, sai ki sani kusan wani fim ne daban kike kallo. Mai fassara yakan ƙara barkwancinsa, ya cike giɓin labari da bayani, wani lokaci a yanke doguwar hira. Fim ɗin da masu sharhi suka kushe saboda raunin zance yana iya gyaruwa a bakin gwanin mai fassara, wanda aka yaba saboda kiɗa da shiru kuma ya lalace idan murya ta hau kansu. Waya ma tana da nata: fina-finan Snyder da The Batman an ɗauke su da duhu sosai don babban allo, a ƙaramin kwafi mai nauyin megabayit 300 baƙi kawai za ki riƙa gani yana motsi. Idan irin waɗannan ne, ki nemi kwafi mai kyau, ki ƙure hasken wayar, ki kashe fitilar ɗaki, ki sa abin ji a kunne.